Ruwan Zafi a Mashigin Tsamiya

Ku rage fitilar nan. Mai waya ya kife ta. Labarin Mantau zan ba ku, kuma ba na maimaitawa.

Mantau ma'aikacin gandun daji ne, wancan gandun da gulbi ya ratsa ta tsakiyarsa. Ba a farauta a ciki, ba a saran itace, ba a kiwo. Amma ana barin mutane su shiga su shaƙata. Asabar da Lahadi sai su zo daga birni da tabarmi da kuloli, a tsallaka da su a jirgin ruwa, su jefa fatsa, su kalli dorina daga nesa, su ci su sha, kafin rana ta yi sanyi a fito da su. Aikin Mantau rakiya ne. Ya shiga da mutane, ya fito da su yadda suka shiga. Shekara goma sha tara yana yi, ko kunama ba ta taɓa harbin baƙonsa ba.

Gajere ne, ba ya son magana. Kakinsa ya koɗe har ya koma launin ƙasa. Kullum idonsa a ƙasa yake, ba don kunya ba, sawu yake karantawa. Ya kalli yashi ya ce maka gwanki uku sun sha ruwa da asuba, ɗaya tsoho ne.

A tsallaken gulbin akwai farin yashi. In ka bi 'yar siririyar hanya cikin giyayya, sai ka ɓullo ga wata tsohuwar tsamiya wadda mutum huɗu ba sa rungume ta. Nan baƙi ke zama. An gina murhun siminti biyu da bencuna. Ana ce wa wurin Mashigin Tsamiya.

Ranar da Mantau ya fara aiki, tsohon masuncin da ke tuƙa jirgi a lokacin ya ja shi gefe ya koya masa abu biyu. Ya ce duk sanda ya isa tsamiyar da baƙi, ya cire hula ya yi sallama da ƙarfi kamar ya zo ƙofar gidan mutane, ya faɗi yawan baƙinsa, ya ce nasa ne. Sannan ya juya ya gaya wa baƙin kada wanda ya zubar da ruwan zafi a ƙasa. In an gama da shi a bar shi ya huce. Mantau ya tambayi dalili.

Tsohon ya ce, "Da yara a wurin."

Bai ƙara ba. Mantau bai sake tambaya ba. Haka ya yi ta yi, har tsohon ya rasu, ɗansa Nomau ya gaji gorar tuƙi da jirgi.

Akwai wani sawu da Mantau ke gani a gindin tsamiyar kowace safiya. Sawun mazo, dabbar nan dangin barewa, mace, kofatonta na hagu na baya ya ɗan ɓalle a gefe. Tun shekararsa ta farko yake ganinsa. Ya san mazo ba ta kai wannan shekaru. Ya sani sarai, sai dai ba ya barin zuciyarsa ta tsaya a kai. A wannan shekarar kuma sai ga wani ɗan ƙaramin sawu a gefen nata, kamar an danna yatsu biyu a yashi. Har nuna wa baƙi yake yi, ya ce ga uwa ga 'ya.

To, wata rana ɗalibai suka zo, wani ya ɗauke shi a waya yana sallamar nan, hula a hannu, gaban itace. Aka sa wa abin kiɗa aka watsa. Mantau bai sani ba sai ranar kasuwa, da ya zauna wurin mai shayi. Samari suka cire huluna suka durƙusa wa turken rumfa suna cewa salamu alaikum tsamiya, suna sheƙa dariya. Aka laƙa masa Baba Mai Aljanu. Ya shanye wannan. Abin da bai iya shanyewa ba shi ne da 'yarsa Lantana, wadda ke aure a birni, ta kira shi tana kuka. Ta ce dangin mijinta sun tasa ta gaba, in ta shigo sai a ce a gyara hanya ga 'yar mai gaida itace. Ta ce, "Baba, don Allah ka bari."

Ya ce to.

Asabar ɗin da ta biyo, mata tara suka zo, ma'aikatan jinya ne, sun haɗa hutunsu rana ɗaya. Masu fara'a, masu surutu. Tun a bakin ruwa wata doguwa mai gilashi ta gane shi. Ta ce, "Lah, Baba, ba kai ne na waya ba? Yau sai ka yi mana na aljanun nan." Kafin su isa tsamiya wayoyi huɗu sun tashi sama suna jiransa.

Mantau ya tsaya inda ya saba tsayawa. Hannunsa ya tafi ga hula da kansa. Sai ya sosa ƙeya, ya sauke hannun. Ya gaya musu dokokin ofis kawai: kada a yi wanka, kada a ba birai abinci, kada a yar da leda, wuta a murhu kaɗai. Matan suka ce haba Baba, shi ke nan? Ya ce shi ke nan.

Nomau yana bayansu ɗauke da kula. Ya ajiye ta a hankali. Ya dubi Mantau, Mantau ya dubi ƙasa.

Ranar ta yi musu daɗi, ba zan ɓoye ba. Suka jefa fatsa, wata ta kamo tarwaɗa ta saki sandar ta ruga da ihu. Suka soya kifi, suka dafa shinkafa. A cikinsu akwai wata Hakama, cikinta wata bakwai, ba ta iya rawar kai irin na sauran, sai ta zama ita ce mai murhu. Ita ta zuba wa Mantau abinci da hannunta, ta ɗora masa kan kifi, ta ce ai kan kifi na manya ne. Da ya ce ya ƙoshi ta ce, "Baba, in ba ka ci ba ni ma na fasa." Ya ci.

Bayan azahar ya ɗauki takwas ɗin ya kai su kan gaɓa su ga dorina a gurbinsu. Nomau ya koma jirgi yana kwarfe ruwa. Hakama ta zauna ita kaɗai, ta ce za ta ɗauraye kwanuka.

Suna dawowa, tun daga cikin giyayya Mantau ya ji wani abu ba daidai ba. Shiru. Wurin da tsuntsaye ba sa rufe baki, ko tattabarar daji ba ta kuka. Biran da ke zaune a reshe suna jiran ragowar abinci babu ko ɗaya. Sai ya ji wani ɗan kuka, sau ɗaya, siriri, kamar na ɗan akuyar da aka haifa yau. Daga ƙarƙashin ƙasa ya fito.

Matan ba su ji ba. Suna ta nuna wa juna hotuna.

Ya ɓullo fili. Kwanuka an wanke an kife a benci. Tukunya a kife. Tsakanin manyan saiwoyin tsamiya akwai wani rami da bai fi shigar hannu ba. Tururi na fita daga cikinsa.

Hakama ta ga inda yake kallo. Ta ce maiƙo ne ya yi yawa ta tafasa ruwa, da ta gama kuma ta ga in ta watsa a fili wani zai iya takawa, shi ya sa ta juye a ramin. Ta ce, "Ko na yi laifi, Baba?"

Ya ce a'a. Ya ce su tattara, hadari na zuwa. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu. Amma sun ga fuskarsa, suka tattara.

Kafin su kai bakin ruwa Hakama ta fara dafa ciki. Ta ce yaji ne ya yi mata yawa. Aka kama ta ta shiga jirgi. Nomau ya kafa gora ya tura. Jirgi ya yi kamar tsawon mutum biyar daga gaɓa, ya tsaya.

Nomau ya sake turawa. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, gora ta lanƙwasa. Jirgi bai motsa ba. Ba dutse a wurin, ba tudun yashi, ruwa ya kai ƙirji, shi da ubansa sun bi wurin sau dubu. Ruwa na wucewa ta gefe da gefe, jirgin yana tsaye kamar an ɗaure shi ta ƙasa. Mantau ya danna oba-obarsa ya kira ofis. Ba ta ba shi komai ba sai huci.

Hakama kuwa gumi ya jiƙa mata mayafi. Abokan aikinta suka kewaye ta, wannan ta riƙe hannu tana duba agogo, waccan tana fifita. Mai gilashi ta ɗora tafi a kan cikin, ta janye da sauri, ta dubi tafin nata. A hankali Hakama ta ce ji take kamar an ɗora mata garwashi, kuma yaron yana ta juyi, bai taɓa irin wannan juyin ba.

Nomau ya sunkuyo kusa da kunnen Mantau. "Me aka yi?"

"Ruwan zafi."

"A ina?"

"A ramin."

Nomau ya rufe ido. Da ya buɗe ya ce, "Ni ba ni na shigo da su ba."

Mantau ya cire takalma ya ajiye. Ya gaya wa matan ya manta wuƙarsa. Ya dira cikin ruwa ya koma gaɓa.

Rana na sama, ku gane. Ba duhu, ba komai. Amma da ya shiga giyayyar nan tsikar jikinsa ta tashi gaba ɗaya. Idonsa ya sauka ƙasa yadda ya saba. A kan sawun matan da suka wuce yanzu, ga wani sabo ya hau. Kofato. Na hagu ya ɓalle a gefe. Ya fito daga ruwa, ya nufi tsamiya, kuma tsakanin taku da taku akwai nisa, gudu aka yi. Abin da ya tsayar masa da numfashi shi ne, ƙafa biyu ne. Ba huɗu ba.

Da ya isa gindin tsamiya, ga wata zaune a kan saiwa. Mace ce siririya, ba yarinya ba, ba tsohuwa ba, da baƙin zane har ƙasa ya rufe ƙafafunta. Zanen a jiƙe yake. Tana rungume da wani abu a cinya tana jijjigawa.

"Ka zo, mai kaki."

Bakinta ya gani yana motsi a gabansa. Muryar kuwa daga bayansa ta zo, dab da ƙeyarsa, har ya ji iskarta. Bai waiwaya ba. Ya san in ya waiwaya ba zai ga kowa ba.

Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu. Ya yi tuntuɓe a tsakiya. Ta gyara masa. Ta jira har ya kai ƙarshe.

"Ka gama? Mu ma muna salla. Matso ka gani."

Ya matso taku biyu. Ta buɗe gefen zanen. Jaririya ce, kyakkyawa, idanunta manya masu dogon gashi. Daga kafaɗa zuwa cinya fatar ta saluɓe. Ba ta da ƙarfin kuka, sai buɗe baki take tana rufewa. Daga inda yake tsaye yana jin hucin jikinta kamar ya kusanci murhu.

Matar ta ce nan take kwantar da ita kullum, ƙasan saiwa, saboda sanyi. Ta ce hayaniyar mutane ba ta isa gare su, kamar wucewar iska ce. Sallama ce kaɗai ke isa. Shekara goma sha tara in ya yi sallama sai su kwashe yaransu daga hanya. In ya ce baƙin nasa ne sai su ɗauke kai. An jefa musu kwalabe, an yi musu fitsari a ƙofa, duk sun bari, domin mai rakiya ya yi magana. Yau tana can ƙasan gulbi, ba ta ji komai ba sai kukan 'yarta.

Mantau ya ce, "Matar nan ba ta sani ba."

"Wa ke gaya musu?"



Ta rufe jaririyar. Ta ce zafin nan ba ya zama a banza, sai ya sami inda zai koma, in ba haka ba 'yarta ba za ta ga magariba ba. Hannun da ya zuba yana da ɗa a ciki. Ta riga ta fara mayarwa. Kafin inuwar tsamiya ta taɓa ruwa za ta gama.

"Kai ba ruwanka," in ji muryar a ƙeyarsa. "Ba ka ce taka ce ba. Koma. In na gama zan saki jirgin."

Ba zan yi muku ƙarya in ce bai yi tunani ba. Ya yi. Ya ga kansa ya koma jirgi ya ce bai ga wuƙar ba. An tsallaka, an sa ta a mota, a hanya abin da zai faru ya faru, likitoci su sa masa suna irin nasu. Ba wanda zai ce Mantau. Saura masa shekara kaɗan ya ajiye aiki ya koma gonarsa. Har ƙafarsa ta ja baya taku ɗaya.

Sai idonsa ya faɗa kan benci. Akwai shatin ruwan kwanukan da Hakama ta kife, a jere, ƙarami kusa da ƙarami. Matar da ta tsaya ta yi tunanin kada wani ya taka ruwan zafi.

Ya ɗaga hannu ya cire hula.

"Salamu alaikum, masu gida. Ni ne Mantau. Na zo da baƙi tara." Sai ya gyara. "Goma, da na ciki. Nawa ne."

"Ka makara."

"Na makara. Amma na faɗa."

Ta daɗe tana kallonsa. Idonta ba ya ƙiftawa. Daga can bakin ruwa ya ji wata cikin matan ta ɗaga murya tana kiran sunan Hakama, tana cewa ta buɗe ido.

Matar ta miƙe. Ta fi shi tsawo nesa. Ta ce in nasa ne, to shi zai ɗauka. Sanyin jikinsa 'yarta za ta sha, shi kuma ya karɓi zafinta. Ta ce ya sani tun yanzu, abin da aka sha ba ya dawowa.

Ya ce, "Zan mutu?"

"A'a. Za ka daɗe."

Ta miƙa masa jaririyar. Ya karɓa da hannu biyu. Ku da kuka taɓa ɗaukar tukunya daga wuta ba tsumma, kun san abin da hannu ke so ya yi. Bai saki ba. Nauyinta kuma ya fi na buhun gero. Wani abu mai tauri, ƙarami, ya zunguri cikinsa ta cikin zanen. Bai duba ba.

Ta wuce gaba ya bi ta. Ba ta hanyar jirgi ba, ta bayan tsamiya, inda gaɓa ta gangara gurbin dorina. Wurin da shi da kansa yake hana mutane ko leƙawa. Ta nuna masa ruwa. Ya shiga. Gwiwa, ƙugu, ƙirji. Ta ce ya tsaya nan, ya manna ta a ƙirjinsa, kada ya tsoma ta, kada ya sake ta.

Dorina biyu suka ɗago kai a gabansa, kusa har yana ganin gashin hancinsu. Ta dama wani kada ya taso kamar gungume, ya tsaya. Ba wanda ya matso, ba wanda ya tafi. Kallo kawai.

Zafin ya fara shiga. Ta tafin hannu ya fara, ya hau damtse, ya sauka ƙirji. Ya ji kamar ya haɗiyi garwashi ya tsaya masa a maƙoshi. Ruwan da ke kewaye da shi ya yi ɗumi. 'Yan ƙananan kifaye suka taso suna juya ciki sama. Ya so ya yi ihu, ya tuna matan za su ji, ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Ba abin da yake iya faɗa sai sunan Allah, shi ma a zuci. Idonsa yana kan inuwar tsamiya, tana rarrafowa kan yashi, tana gangarowa.

Can sai jaririyar ta yi atishawa. Ta yi kuka sosai, irin na mai jin yunwa. Ta lafe a ƙirjinsa. Jikinta ya yi sanyi kamar tulun da ya kwana a waje. Wannan shi ne sanyi na ƙarshe da Mantau ya ji a duniya.

Inuwar ta taɓa ruwa.

Matar ta sunkuyo daga gaɓa, hannunta ya kai inda hannun mutum ba zai kai ba, ta ɗauke 'yarta. Ta buɗe zane ta duba. Fatar ta haɗe, sai ɗan tabo a cinya.

"Gobe ka yi sallama," in ji muryar.

Ya sunkuya ya wanke fuska. Da ya ɗago ba kowa. Dorina sun nutse, kada ya tafi. A saman gaɓa ciyawa ta motsa, ya ga bayan mazo tana shiga kurmi, 'yar ƙarama na bin ta tana ɗan ɗingishi. Sai tsuntsaye suka ɓarke da kuka gaba ɗaya.

Da ya koma, jirgi ya saki, Nomau yana riƙe da shi da gora. Hakama na zaune tana gyara ɗankwali, tana dariyar kunya, tana cewa ta tayar wa mutane hankali a kan yaji. Yaro ya kwanta, zafi ya tafi kamar an ɗauke da hannu. Mai gilashi ta ce, "Baba, ina wuƙar? Kai da ka hana mu wanka kai ka yi?" Aka yi dariya. Ya ce santsi ne ya kwashe shi.

Nomau bai yi dariya ba. Ya miƙa masa gorar ruwan da yake ratayewa a cikin gulbi don ta yi sanyi. Mantau ya kafa kai, ya kurɓa, ya furzar. Ya ce wa ya dafa wannan? Nomau ya karɓa ya sha. Sanyi ƙarara. Suka dubi juna. Nomau ya kafa gora ya tura jirgi.

A gida ya ɗebi na randa. Kafin moɗa ta kai bakinsa ya yi zafi. Ya je rijiya ya sha daga guga, haka. Ya sayi ƙanƙara a kasuwa, ta narke a tafinsa kafin ya bar gaban mai sayarwa, abin da ya rage kamar ruwan wankan jego. Ruwan sama in ya sauka a jikinsa ɗumi yake ji. Matarsa ta kai shi asibiti, aka auna aka ce jikinsa lafiya lau. A tsakiyar sanyi, mutane na ƙudundune a bargo, shi yana kwance a tsakar gida ba riga. Azumi ya zo a bazara. Ku tuna yadda kuke jiran kiran salla da kofi a hannu, yadda kurɓin farko ke sauka. Shi ma yana jira tare da kowa. Ya sha, ƙishi ya tafi, amma wannan daɗin ba ya zuwa. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Sau ɗaya ya ba Nomau labarin, a jirgi, su biyu. Daga bakin Nomau na ji.

Aiki kuwa bai fasa ba. Washegarin ranar ma ya shiga da baƙi, ya cire hula, ya yi sallamar da har tsallake ana ji. Lantana ta sake kira. Ya ce mata ta yi haƙuri, ta gaya wa dangin mijinta ubanta mai gaida itace ne, haka ne, ba ƙarya suka yi ba.

Bayan wata shida matan nan suka dawo. Hakama da goyo, 'ya mace, ƙatuwa, mai kumatu. Da suka isa tsamiya mai gilashi ta ɗaga waya tana murmushi. Mantau ya jira ta saita sosai. Sannan ya cire hula ya yi sallama, ya ce baƙi goma, nasa ne. Ya juya ya gaya musu maganar ruwan zafi, a hankali, sau biyu. Wannan karon ba wadda ta yi dariya. Hakama ta dubi ramin, ta dube shi. Ya kawar da kai.

Da aka zauna ta buɗe wata 'yar kula ta daban. Zoɓo ne, ta ce tun jiya ta sa shi a firiji saboda shi, ta cika shi da ƙanƙara, don ta tuna yadda ya yi ta gumi a jirgi ran nan. Ta zuba a kofi, gefen kofin har raɓa yake. Ta durƙusa da goyonta ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa. Ya juya kaɗan yadda ba za ta ga abin da ke tashi daga kofin ba. Ya shanye tas.

Ta ce, "Ya yi sanyi, Baba?"

Ya ce, "Ya yi, 'yata. Allah ya raya."

Yana nan da ransa har yau, ya tsufa ƙwarai. In kun je gandun ku shaƙata, ku je, wuri ne mai kyau. Amma ku tsaya a bayan mai rakiya har ya gama maganarsa, ko da kun ga abin dariya ne. Kada ɗayanku ya bi hanyar giyayyar nan shi kaɗai, ko da rana tsaka. Wanda kuma ya bar butar shayi a kan wuta can, ya sauke ta ya ajiye. Kada ya zubar. Da safe ta huce.